Rigar Kwamfuta, daga Boɗinga zuwa Tawa

Tun da na dawo daga Tawa, duk wanda muka gaisa sai ya tambaye ni yadda ƙasar Nijar take, me suke ci, wai da gaske ne jandarmominsu ba sa dariya. Nakan ce lafiya lau, in wuce. Na san amsar ba ta isa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, wanda ya tambaya ya samu, wanda bai tambaya ba ma ya ji, domin akwai maganar da nake so ta kai kunnen mutanen Boɗinga da Shagari.

Sai na fara da abin da ya fitar da ni. Ni manomin albasa ne, fadamata tana Danchadi, karatuna bai wuce firamare ba. Shekarar da albasa ta yi kyau na sayi kwamfuta, na kama shago a bakin kasuwar Boɗinga, na sa babban ɗana a ciki yana buga wa mutane wasiƙu da katin biki da takardun makaranta. Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba. "Kai" nake ce masa, idan kuma ina maganarsa da wani sai in ce "na shago".

Kusa da shagon akwai injin niƙa, gari yana tashi dukan yini. Kun kuma san a gidajenmu abu mai daraja ba ya zama tsirara: rediyo da rigarta, keken ɗinki da tasa. Na auna akwatin kwamfutar da igiya, na kai wa wani tela a Shagari, ya ɗinka mata riga ta yadi mai kauri, da soso a ciki, da zif, ya bar 'yan ramuka na wayoyi da na maɓallin kunnawa. Ranar da na sa mata, yaron ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Baba, rigar ga za ta hana ta shan iska." Na ce masa ƙarfe ne, ba akuya ba.

Da zafi ya shigo sai kwamfutar ta fara tsayawa ana tsakiyar aiki. Wani lokaci ta mutu da kanta, wani lokaci allon ya yi baƙi, farin rubutu ya cika shi, ba ta gaba ba ta baya. Mutane suka fara ƙorafi. Wani mai cajin waya ya ja ni gefe ya ce samarin yanzu suna tara finafinan banza a cikin irin waɗannan na'urori, su ne ke jawo musu cuta. Ban bincika ba. Bayan la'asar, a majalisarmu ta gindin dogon yaro, a gaban dattawa da 'yan kasuwa, na kira yaron na maimaita maganar da bakina, na karɓe makullin shago. Ya ce, "Baba, ba hakanan na ba." Na ce ya tashi ya ba ni wuri. Washegari ya tafi wurin kawunsa a Kajiji. Da damina zazzaɓi ya kama shi, kwana huɗu. Na isa an riga an yi masa wanka.

Bayan sadakar arba'in na kai kwamfutar Sakkwato. Mai gyaran ya kunna, ya ce wannan tsarin ba irin wanda suka saba ba ne, abin da zai iya shi ne ya goge komai ya sa wani. Gaskiya goge ɗin nake so, don kada wani ya ga abin da nake zaton yana ciki. Amma wuta ta ɗauke kafin ya fara, na dawo da ita gida. Mahaifiyar yaron, wadda tun rasuwar ba ta yi mini doguwar magana ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, kada a goge. Ka kai inda za a karanta." Abokinsa Lawali ne ya gaya mini cewa ta waya marigayin ya koyi wannan tsarin, wurin wani injiniya da ke Tawa, ya kuma rubuta mini sunan unguwar da kwatancen shagon.

Na fita ranar Asabar da sassafe, akwatin kwamfutar cikin rigarsa, na rungume. Daga Boɗinga zuwa Sakkwato ba wani labari. A tashar Illela ne direba ya nace sai an sa shi a but tare da buhunan barkono. Na ƙi. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta leƙo ta ce, "Malam, mi ka ɗauko haka awa jariri?" Na ce kwamfuta ce. Ta ce, "To Allah shi raya." Mota duka aka yi dariya, ni ma na yi murmushi don kada a gane. Haka na riƙe shi a cinya har muka wuce Gwadabawa, ƙafata ta mutu, da muka sauka a Illela sai da wani ya kama ni.

Tsakanin Illela da Birnin Ƙonni ba nisa, ɗan kabu-kabu ne ya tsallaka da ni. A ɓangarenmu an dube ni an dubi kayan, aka ce in wuce. A nasu kuwa ma'aikacin kwastan, su duwan suke cewa, ya fara sara mini kamar ni wani babba ne, sannan ya ce in buɗe. Zif ɗin ya cije. Na yi ta ja ina gumi, mutane sun yi layi a bayana, har sai da wata mai sayar da ƙosai ta shafa masa mai. Ma'aikacin ya shafa soson ya ce, "Alhaji, rigar odinatar taka ta hi tawa tsada." A nan na fara jin cewa odinatar suke ce wa kwamfuta. Ga amsar masu tambaya: suna dariya, sai dai sai sun gama duba takardunka.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne harshe. Na zaci zan shiga ƙasar da ba na jin magana, sai na tarar da "munka" da "sunka" da "mi kake so" kamar ina kasuwar Shagari. Inda muke sa Turancin Ingilishi ne su suke sa na Faransa. Makaranta lakwal ce, asibiti kuma likita suke ce masa gaba ɗaya.

A Ƙonni na kwana, gidan Alhaji Ila, dillalin albasa da ke zuwa saye Danchadi. Ya ba ni ɗakin zaure, rabinsa buhuna ne, na ji ƙamshin gida. Albasarsu ta Galmi ta fi tamu ja da tauri, ta kuma fi jimre ajiya, wannan ba zan ɓoye ba, amma tamu ta fi girma. An kawo dambu da zogale, an zuba mai ba rowa. Da safe aka kawo shayi da wani burodi dogo kamar sandar makiyayi, ɓawonsa da tauri. Na zaci na shekaranjiya ne aka ba baƙo, na ajiye a gefe cikin ladabi. Alhaji Ila ya ce, "Ci mana, yanzu anka hiddo shi daga wuta." Na karya, sai ga cikinsa laushi da ɗumi. Ya tambaye ni labarin na shago, don ya san shi, ya taɓa buga masa takarda. Na gaya masa. Ya ajiye kofinsa ya yi addu'a, ya ce yaro mai kunya. Ban gaya masa sauran ba.

Hanyar Tawa ta fi tamu shiru. Motar babba ce, kowa da lambar kujerarsa, ba a cusa mutum huɗu inda ya kamata uku su zauna. A kowane shinge sai kowa ya sauka da katinsa a hannu, a kira suna ɗaya-ɗaya. Sau biyu ana kiran nawa ban amsa ba, don jandarman ya juya Umaru ya koma wani abu dabam. Ƙasar tana ƙara ja da duwatsu, itatuwa suna raguwa. Iyakar abin da na gani ke nan, don idona yana kan abin da ke cinyata.

Na isa Tawa bayan azahar, na tarar da gari a rufe. Su da rana tsaka kowa tafiya gida yake, sai wajen la'asar a dawo. Na sami shagon, na zauna a inuwa na sha furar wata Bafillatana. Can wani mutum mai babbar riga ya zo ya buɗe ƙofa. Na miƙe na gaishe shi, ranka ya daɗe Injiniya, na fara bayani tun daga Boɗinga. Ya bar ni na yi nisa sannan ya ce shi maƙwabci ne mai sayar da taya, makulli kawai ake bar masa. "Ga Injiniya can tahe." Na waiga sai na ga mace a kan babur, ita ke tuƙi, da hijabi da tabarau. Sunanta Madam Hadiza. A can ko matar malam Madam ce.

Na ce daga Boɗinga nake. Nan take ta faɗi sunan yaron, cikakke, kamar ba komai. Rabon da in ji an faɗe shi a gabana tun ranar jana'iza. Ta ce ba su taɓa haɗuwa ba, a wani zaure na waya suke, ita tana koyarwa, shi kuma ya fi kowa tambaya. "Tun damina ya bar rubutu. Lahiya dai?" Ni na gaya mata. Ta cire tabarau ta zauna.

Da na ɗora akwatin a tebur ta dubi rigar ta ce, "Don tahiya kunka sa mata wagga?"

Na ce a'a, kullum da ita take aiki, ni na sa aka ɗinka. Har na nuna mata soson.

Ta zuge zif, ta ninke rigar ta ajiye a kujera, ta haɗa wayoyi ta kunna. Sunansa ya fito a allo. Ta ce, "Baba, mi kake so ka sani?"

Tambayar da na yi kwana biyu ina ɗauke da ita ta ƙi fita a gaban mace. Na yi ta kewaye, na ce an ce samari suna sa wasu abubuwa, an ce su ke lalata na'ura. Ta gane. Ta ce, "Wa ya hwaɗi haka?" Na ce ni.

Sai ta ja kujera ta yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa wanda bai yi karatu ba, ba tare da raini ba. Ta ce a can cikin tsarin kowace kwamfuta akwai wani sashe da su suke kira nuwayo, mu nan ake cewa kanel, wato ƙwallo, kamar ƙwallon mangwaro. Shi ne tsakanin ƙarfen da duk ayyukan da ake gani a allo. Mai buga wasiƙa, mai fitar da takarda, kowa wurinsa yake neman izini. Kuma ba ya yarda da kowa, har kansa. Kullum yana dubawa: abin da na ajiye a nan yana nan? Ƙarfen ya amsa yadda ya kamata? Zafinsa nawa? Duk abin da ya gani ba daidai ba sai ya rubuta a wani littafi nasa, da rana da sa'a da minti.

Ta ce maganarsa hawa-hawa ce. Idan abin ƙarami ne, gargaɗi zai rubuta ya ci gaba da aiki. Idan wani aiki ɗaya ne ya taka inda bai kamata ba, sai ya kashe wannan aikin, ya rubuta sunansa da hanyar da aka bi har aka kai ga kuskuren, ya kuma sa wa kansa alama cewa daga yanzu kada a amince da shi ɗari bisa ɗari. Idan kuwa abin ya kai ga shi kansa bai tabbata da abin da ke hannunsa ba, sai ya tsayar da komai cak, ya zuba abin da ya sani a allo. Baƙin allon da muke gani ke nan. Na ce don me ba zai daure ya ƙarasa wa mutane aikinsu ba? Ta ce don idan ya ci gaba cikin ruɗewa zai ɓata takardun da ke ajiye, gara ya tsaya ya faɗa. Ta ce a wannan hali ko littafin nasa ba ya yarda ya taɓa, shi ya sa yaron yake ɗaukar hoton allon yana aiko mata.

Ta buɗe wayarta ta nuna mini hotunan. A gefen ɗaya ana ganin yatsansa.

Sannan ta buɗe littafin. Layuka ne na Turanci, ba iyaka. Ta sa yatsa tana fassara. Nan ya ce zafi ya wuce ƙa'ida, ya rage gudu. Bayan minti kaɗan ya sake faɗa. Ya sake. Nan ya ce zafi ya kai inda ba a wucewa, zai kashe kansa. A hotunan baƙin allon kuma ta nuna mini wasu kalmomi biyu da ke farkon layi, ta ce ma'anarsu ita ce matsalar daga ƙarfe take, ba daga wani abu da aka sa a ciki ba. "Da wani abu anka sa, Baba, da ga sunanai nan. Ba ya rufa wa kowa asiri."

Duk da haka ta buɗe ma'ajiyar ta juyo mini allon. Wasiƙu, katunan biki, jarrabawar wata islamiyya. Bidiyon da ke ciki darussanta ne, rabi da Faransanci, harshen da ba ya ji. Ta ce da ido yake bin hannunta.

Ta koma kan littafin tana ja ƙasa, sai ta tsaya. "Akwai abin da ban gane ba. Talata akwai, Laraba akwai, Asabar akwai. Amma Litinin da Alhamis ko gargaɗi guda babu, mako bayan mako. Mi ke faruwa ranakun nan?"

Litinin da Alhamis nake tafiya Danchadi ban ruwa. Tun asuba nake fita, sai yamma. Kuma ban taɓa dawowa na tarar da kwamfutar ba riga ba. Kullum tana rufe, zif a zuge har ƙarshe, yadda na bari.

Na gaya mata. Ta dubi rigar da ke kan kujera, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ta ce ta taɓa tambayarsa ko wani abu ya toshe ramukan iskar akwatin. Ya rubuto mata cewa ya san abin da ke toshewa, amma ba nasa ba ne ya cire.

Na ce ta mayar da rigar ta kunna. Ta ce ba sai an yi ba. Na ce ina so in gani. Ta sa, ta ba kwamfutar aiki, ta bar littafin a buɗe. Muka zauna. Mai taya ya kawo shayi a ƙananan kofuna, irin nasu mai ɗaci da kumfa. Ban gama na biyu ba layi na farko ya fito. Ta ce, "Ga shi." Wani ya biyo. Na sa tafin hannuna a kan yadin, na ji zafi kamar gefen tukunya, fanka a ciki tana ta kuka. Wannan kukan na sha jin sa a shago, nakan ce alamar ƙarfin inji ne. Na zuge zif ɗin da kaina kafin ta kai ga tsayawa.

Na roƙe ta ta fitar mini da shafuka biyu a takarda, na Laraba da na Alhamis, ta rubuta fassarar da biro a gefe. Ta share garin da ya daskare a cikin akwatin, ta sa shi a kwali. Ta raka ni har bakin titi ta ce in gai da mamansa.

Dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Na kwana a Tawa, na sake kwana a Ƙonni, na ci burodin ba gardama. A kan iyaka na tarar da ma'aikacin nan, ya nuna kwalin ya ce ina rigar Alhajiya? Na ce tana cikin jaka.

Na iso Boɗinga ranar Talata ana kiran la'asar. Ban shiga gida ba. Na yi salla, na wuce gindin dogon yaro da kwalina. Kusan duk waɗanda suke nan waccan ranar suna nan, har mai cajin waya. Aka yi mini sannu da zuwa, aka fara tambayar Nijar. Na ce akwai maganar da na yi a nan da bazara. Wani dattijo ya ce, "Haba Malam Umaru, abin ya wuce, Allah shi jiƙan shi." Na ce a nan na faɗe ta, a nan zan janye ta. Na fito da takardun na karanta fassarar layi-layi, na fito da rigar na ajiye a tabarma. Na ce wannan ce ta lalata aikin, ni na ɗinka, ya gaya mini tun ranar farko, ya kuma tsaya a nan na zage shi bai tona ni ba. Mai cajin waya ya tashi ya tafi.

A gida na ba mahaifiyarsa takardun. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta riƙe su da hannu biyu. Na fara bayani, ta ce, "Ni ba sai anka je Tawa ba, Malam, na sani." Ta ninke su ta sa a cikin jakar Alƙur'aninta. Daga baya ba ta aiko mini da tuwo ba, ita ta kawo da kanta.

To ga labarin Nijar ga masu tambaya. Amma maganar da aka yi a majalisa ba ta tsayawa a majalisa. Na san ta je Shagari, ta je Dingyadi, ta riga yaron isa Kajiji. Don haka duk wanda ya ji ta daga bakina, ko daga bakin wanda ya ji, ina roƙonsa ya kai wannan inda ya kai waccan. Babu komai a cikin kwamfutar nan sai aikin mutane da karatu. Shekara ashirin da huɗu ban kira shi da sunansa ba, yau zan rubuta don kada a ce ba a san wanda ake nufi ba. Sunansa Muhammadu Sanusi. Ɗana ne.